Hauyar Mahbuba

Kwana arba'in da rasuwar matata Mahbuba, na ɗauki tsohuwar hauyar da take ajiye ƙarƙashin gado, na nufi Garu in mayar wa danginta gadonsu.

Shekara talatin ina yi mata gori da hauyar nan. Ni jikan malamai ne, haka babana ya faɗa, har na fara rubuta tarihinmu. Ita kuwa jikar 'yan ƙwadago. Ba ta taɓa tankawa ba.

A Garu, yayanta Usama ya juya ƙotar hauyar, ya shafa zane uku da aka ƙona a jikinta.

"Malam, wagga ba tamu ba ce. Shaidar gidanku ce."

"Gidanmu alƙalami muka sani."

"Kakanka Abu da ubanshi da ita sunka yi ƙwadago, gona ɗaya da namu. Ranar biki innarka ta ba Mahbuba amana, ta ce kar ka sani."

Ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"Mahbuba ta roƙe mu, in ka kawo hauyar, kar mu yi maka dariya."

Ba wanda ya yi. Da ma sun yi.