Maginiyar Tukwane da Kwazazzabon Bayan Gari

Tanimu tela, wanda ya shiga koyon Turanci da girmansa, ya taɓa yi wa Malam Shu'aibu ƙorafi. Ya ce, "Malam, masu Turancin nan sun cika wahalar da kai. Abin da muke kira sakamako, su sai sun raba shi: kalma daban ga abin da aka gani da gama aiki, wata daban ga abin da ya biyo baya can gaba. Ba duk ɗaya ba ne?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Ajiye almakashin nan, in ba ka wani misali."

An yi wata maginiyar tukwane a wani gari, wadda ta ƙare rani guda cur tana aikin yumɓu. Ta gina randuna da tuluna da tukwanen miya, har tsakar gidanta ya rasa wurin taka ƙafa, don a kansu take sa ran ciyar da 'ya'yanta har kaka. Ranar gashi ta jera su a bayan gari, ta lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta. Tukwane sun yi jajawur ke nan sai hadari ya taso daga gabas ba zato, ruwan bazara ya sauko a kan wutar. Tana tsaye tana jin su suna fashewa, kowace da irin ƙararta, ba ta da abin yi sai salati. Da gari ya waye, ko kasko ɗaya bai tsira ba. Akwai wani kwazazzabo a gefen garin wanda kowace damina yake cin gonaki, har ya doshi maƙabarta, mutane sun rasa yadda za su yi da shi. Can ta riƙa kai tsingaron a kwando tana zubarwa tana kuka, ba da wata niyya ba sai don kada idonta ya ƙara ganin su. Sauran magina da suka ga an sami juji, su ma suka mayar da wurin mazubar duk abin da ya fashe musu. Ita kuwa shekarar ta yi mata tsanani, ta tattara yaranta ta koma wajen danginta a wata ƙasa mai nisa, ba ta sake taɓa yumɓu ba.

Sai da furfura ta rufe mata kai wata ta'aziyya ta dawo da ita. Ta biyo tsohuwar hanya tana lalube da sanda, tana jiran ta iso bakin kwazazzabo ta kewaye kamar yadda aka saba, sai ta ji inuwa ta rufe ta. Ta ɗaga kai, ga mangwaro da giginya, ga lambun albasa kore shar, ga mata suna jan ruwa a rijiyar da ba ta fi gaba biyu ba. Ta zaci ɓata hanya ta yi, har sai da ta hango katangar maƙabarta a tsaye inda ta bar ta. Wani mai lambu ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ai tsingaro ne ya yi wannan. Tulin da aka zuba ya tare yashi, yashi ya tare laka, ciyawar gamba ta fito ta riƙe ƙasar, ruwan da ke wucewa da gudu ya koyi zama. Ba mu san wadda ta fara ba, amma muna sa ta a addu'a." Ya sa fartanya ya tono wani guntun bakin randa ya miƙa mata. Ta goge shi da gefen zane, sai ga zanen nan na ƙwaryar gero da kakarta ta koya mata, ga kuma shatin babban yatsanta a kai. Ta zauna a ƙasa. Ta dubi itatuwan, ta dubi yaran da ke wasa a inda ruwa yake tafiya da shanu a da. Ba ta ce ita ce ba. Abin da ya iya fitowa daga bakinta kawai shi ne, "Tsarki ya tabbata ga Mai juya al'amura."

Malam Shu'aibu ya dubi Tanimu ya ce, "Ka gani, fashewar tukwane ita ce abin da aka gani da gama aiki, lambun nan kuwa shi ne abin da ya biyo baya can gaba." Ya ƙara da cewa, "Da ta samu tukwanen nan yadda take so, da an dafa tuwo a cikinsu sun fashe an manta. Shi ya sa Hausawa suka ce, wani hanin ga Allah baiwa ne."