Tabon Yatsun Kadiatu

"Yunwar bana ce, likita," in ji uwar Kadiatu. "Duk unguwar Tishigu haka muke. Rabona ma ita nake ba."

Likita Adizatu ta duba budurwar. Haƙoranta sun zaizaye, kumatunta sun kumbura, ga tabo a bayan yatsunta.

"Ba yunwa ba ce, Mma. Takan ci da yawa, sannan ta sa yatsa ta amayar. Ciwo ne, kada ki dake ta."

Uwar ta dafe ƙirji. "Ana warkewa?"

"Ana warkewa."

Da suka fita, Adizatu ta kulle ƙofa, ta cinye tuwonta tas, ta durƙusa gaban bokiti. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana gaya wa kanta ana warkewa.