Furen Dabino Ba Ya Jira

Zauna, ɗan nan, ka daina kallon ƙofa. Matarka ta ce ku je asibiti a gwada dashen ƙwai, kai kuma ka ce a bari tukuna, wai kana tsoron shiga aikin Allah. Ni gwaggonka ce, wa'azi ba nawa ba ne, misali ɗaya kawai zan ba ka.

An yi wani manomin dabino a gefen wata fadama, yana da itatuwa masu yawa da ya gada. Ka san dabino ba kamar mangwaro ba ne, akwai namiji akwai mace. In aka bar wa iska ta kai garin fure, kaɗan ne ke kamawa, sauran 'ya'yan su fito ƙanana ba ƙwallo, su zube tun suna ɗanyu. Saboda haka duk ƙarshen sanyi, da kuben fure ya tsage, mutumin nan zai ɗaura igiya a ƙugu ya hau namijin ya yanko furensa. Sai ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓe musu garin, ya soka ɗan reshe a tsakiyar kowane nonon fure ya ɗaure da kaba. Da bisimilla yake hawa, da hamdala yake sauka.

Shi da matarsa kuwa sun daɗe ba haihuwa. Ta sha rubutu, ta sha saiwa da sassaƙe har ɗaci ya daina damunta, ta yi hayaƙi, ta karɓi allurai, shiru. Daga baya likita ya ce hanyar da ƙwanta ke bi ce ta toshe, amma ana iya ɗaukar ƙwan nata da ruwan mijinta a haɗa a waje, in ya kama a mayar mata cikin mahaifa. Aikin da tsada, sai sun rabu da wani sashe na dabinon, kuma ba wanda ya yi alkawarin zai kama. Mijin ya kaɗa kai. Ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya bukatar hannun mutum. Bai tambayi malami ko ɗaya ba, shi ya yanka wa kansa hukunci. Kuma in don gaskiya, tsoron Allah da son itatuwan nan sun cakuɗe a zuciyarsa har shi kansa ba ya iya rarrabewa. Yana son matarsa, wannan ba a musu, amma so da taurin kai suna kwana ɗaki ɗaya.

Ita ba ta da yawan magana. Da azahar ta wuce takan shimfiɗa tabarma a inuwar dabino, haske na saukowa ta tsakanin ganye yana yawo a jikinta, barci ya ɗan ɗauke ta. A mafarkin nan ne take ganin 'yar da ba ta haifa ba. Wata 'yar baƙa ce mai wushirya, tana tafe tsakanin itatuwa ba takalmi, tana tsintar dabino a bakin zanenta, ƙafarta ba ta barin sawu. Wata rana ta zo ta kwanta a cinyarta a yi mata kitso, wata rana ta tsaya daga nesa tana dariya. Abin mamaki, yarinyar girma take yi. Shekarar da ta fara zuwa rarrafe take, ana nan har ta yi famfara, har ta fara jin kunya tana rufe baki in za ta yi murmushi. Matar takan farka hannunta na motsi kamar mai kitso, ta naɗe tabarma ta je ta ɗora tuwo. Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin tausayinta kama ni yake.

Wata shekara, daidai fure ya buɗe, mijin ya zamo daga kan itace ya karye a ƙafa. Yana kwance an yi masa ɗori, hankalinsa duk yana fadama. Ya yi ta kiran matar, ta je ta nemo wanda zai hau, ko nawa ne a ba shi, don fure ba ya jira, in kwanakinsa suka wuce an yi asarar shekara. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a hannu, ta ce a hankali, "Ka bar wa iska mana, Maigida. Ba kai ka ce abin da Allah ya rubuta ba ya bukatar hannun mutum ba?"

Da ƙafa ta warke ya dogara sanda ya je wurin malamin garinsu. Malam ya ce neman magani ba jayayya da Allah ba ne, muddin irin na mijin ne da matarsa, ba a sa na wani a tsakani ba, kuma rai Allah ne ke busa shi ko an haɗa a ina. Suka shiga mota sai birni. Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya zauna, sannan ya ce ƙwanta ya ƙare, da a shekarun baya ne da akwai abin gwadawa. Mutumin nan ya ce a ɗauki fadamar gaba ɗaya. Likita ya ce ai yanzu ba maganar biya ba ce. Matar ta gyara mayafinta, ta miƙa masa sandarsa, ta riƙe shi suka sauka daga matakala.

To, ka ji. Tashi ka je gida, matarka tana jira. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.