Garken da Ya Ɓace a Godogodo

"Baba, ina shanun?" Gidaɗo ya tambaya, da ya dawo daga karatu a Ibadan ya tarar da rugarsu wayam.

"Ciwo ya kwashe su," in ji mahaifinsa Yuguda. "Likitan dabbobi, ka makara."

Gidaɗo ya durƙusa.

"Baba, na bar likitanci. Adabin Turanci nake karantawa, labaransu da waƙoƙinsu. Malamin makaranta zan zama."

Tsohon ya ɗaga sanda. Gidaɗo ya runtse ido.

"Wato ba ka cikin masu allurar nan da ke ƙirga wa Bature shanu don jangali?"

"A'a, Baba."

Yuguda ya juya wajen kurmi, ya ƙwala kira. Sai ga shanu suna ɓullowa, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.