Tekun da Aka Zuba a Falo

Mudassiru jikana, mai gidana, na ga hoton da ka nuna mini a waya, na akwatin gilashin da kake son girkawa a sabon gidanka ka zuba kifin teku. Ban ce maka komai ba a gaban matarka. Ga misali, ka karanta kai kaɗai.

An yi wani mutum mai fataucin tayoyi tsakanin Ikko da garinmu. A can ya shiga gidan wani abokin cinikinsa ya ga bango guda na gilashi cike da ruwa, kifaye na yawo a ciki, wani shuɗi, wani ɗorawa, wani mai zane kamar atamfa. Ya dawo gida abin na cinsa. Ya sa aka rushe bangon falo aka girka masa irinsa, tsawonsa ya fi tabarma uku a jere. Sai bayan an gama ya gane kifin teku ba tarwaɗa ba ne da za a jefa a baho a manta. Gishirinsa daban ne, a jirgi ake kawo shi, na miya ba ya yi. Ruwan ba ya son zafi, dole injin sanyi ya wuni yana kuka, in an ɗauke wuta a tayar da janareto ko da mutanen gida na fifita. Ga wata na'ura mai tace ruwa, in ta sha bokiti huɗu ta ba da ɗaya, sauran ta zubar a kwata. Kowane sati kuma sai an kwashe wani ruwan an zuba sabo.

To, gidan akwai rijiya da mahaifinsa ya gina tun kafin ya rasu, ya ja famfo guda ya fitar waje jikin katanga, sadaka ga unguwa. Da bazara ta yi tsanani ruwan rijiya ya ja baya, ba zai ishi kifi da maƙwabta ba. Mutumin nan ya sayo kwaɗo ya garƙame famfon waje. Cikin masu ɗiba har da wata mai wankau da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya, da wannan famfon take ci. Ta zo da safe da bahonta, ta ga kwaɗo, ta juya. Daga ranar sai ta koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Uwar mutumin tana cikin gidan, ta ga komai ta taga. Ba ta ce uffan ba, don ita ma ta saba a ajiye mata kujera gaban gilashin bayan la'asar, tana kallo tana cewa ikon Allah.

Rannan da hantsi, ana tsakar zafi, haɗin gilashin ya saki. Ƙara ɗaya aka ji. Ruwa ya ɓalle ƙofar falo, ya kwashi takalma da tukwane, ya bi gangaren tsakar gida ya zube cikin rijiya. Kifayen da ake wa hidima kamar baƙin Makka suna ta wutsil-wutsil a ƙasa, kaji na tsattsagar su. Shi kuma ya fito a guje ba takalmi, gilashi ya tsarge masa tafin ƙafa, gishiri na shiga ciwon, ya zauna daɓas a dokin ƙofa. Su wa suka shigo da tsintsiya da bokiti? Mutanen da ya rufe wa famfo. Ba wanda ya kira su. Mai wankau ta kwashi ruwa da bahon nan nata har bayanta ya riƙe, sannan ta fita ta dawo da jarkar da ta saya da safe don aikinta. Ta durƙusa ta ce, "Alhaji, miƙo ƙafar. Wannan ba gishiri, na garuwa ne." Ta zuba masa duka. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har ta fita.

Da yamma ya ɗingisa ya je da kansa ya cire kwaɗon. Yara suka taru da bokitai, aka murɗa famfo, na farko ya kurɓa ya tofar. Sau uku ana yasar rijiyar, ba ta shawu ba sai da damina ta yi nisa. Duk tsawon lokacin famfon na buɗe ba mai zuwa, shi kuma in zai fita sai ya bi ta ƙofar baya.

Ba zan kama sunansa ba, ka san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Kuna ƙanana aka yi, aka ɓoye muku. Mai wankau ɗin nan ta rasu bara, kuma har ta koma ga Allah ban iya haɗa ido da ita ba, ita ce ma kullum take fara gaishe ni. Kuɗinka ne, ba zan hana ka ba. Amma kafin ka kira magina, zauna ka tambayi kanka ruwan wa kifin zai sha, ranar da gilashi ya gaji kuma ina zai nufa. Hausawa sun riga sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.