Gurasar Pesaha

"Mahaifiyar ɗayarmu ta rasu," in ji Uwa, shugabar gidan zuhudun. "Ba zan faɗi suna ba sai bayan Ista. Kowacce ta yi addu'a kamar tata ce."

Haka dokar gidan take. Amma sista mai tsaron taga ta san yadda za ta gane, domin a nan Kerala ta Indiya gidan da aka yi rasuwa ba ya yin gurasar Pesaha, wadda ake ci ranar Alhamis kafin Ista.

Ranar Alhamis iyalai suka fara miƙo gurasar ta taga, a naɗe cikin ganyen ayaba. Tana karɓa tana duba kowane ƙulli. Sai da la'asar ta gidansu ta iso, da irin ƙullin innarta. Dariya ta ƙwace mata.

"Ke, rufe mana baki!" in ji tsohuwar sista mai girki. "Taki ta tsira, to ta wa aka binne?"

Da yamma suka zauna cin abinci, suna satar kallon farantan juna. Babu wadda ta rasa gurasar gidansu.

Sai ga Uwa da ruwa da tawul. Ta durƙusa, ta shiga wanke musu ƙafafu, bisa al'adar ranar. A mazauninta kuwa, faranti wayam.