Baƙon Farar Mota

Dutsen da ya kashe Hansatu bai kai girman turmi ba. Da rana tsaka ya faɗo, bayan ƙarar nakiya daga wajen fasa dutse, ya huda kwanon ɗakin girki, ya same ta tana tuƙa tuwo. Mijinta Yamusa yana gonar doya ya ji ihun mata. Da ya iso, muciya na hannunta, amma daga wuyanta zuwa sama babu abin da ido zai iya kallo.

Shekara huɗu ke nan da kamfanin ya kafa injinansa a bayan Tungan Baro, can gaba da Karshi. Da farko an yi murna. Kamfanin ya share hanya, ya haƙa burtsatse, abin da gwamnati ba ta yi musu ba tun da aka haifi Yamusa. Sannan bangon ɗakuna ya fara tsagewa, ruwan rijiyoyi ya koma launin toka, awaki suka riƙa ɓari. Mai kamfanin kuwa ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Ma'aikatansa ma Ciyaman kawai suke ce masa.

Mutum ɗaya ne ke zuwa ya saurare su: Oga Bernard Zacharias, mai koriyar rigar aiki da tambarin gwamnati a ƙirji. Shi ke karɓar takardun kokensu, ya ce kada kowa ya wahalar da kansa zuwa cikin gari, ofis ba ya kula talaka sai da ɗan gida. Har ƙofar kamfanin yakan je ya yi faɗa, masu gadi suna ƙame masa. Duk ranar da yake garin ba a tayar da nakiya, mutane suka ce tsoronsa ake ji. Da Malama Patricia, shugabar firamare, ta ɗauki takarda ɗaya ta kai sakatariya da ƙafarta, sai da ya yi mako biyu bai gaishe ta ba.

Kwana tara da binne Hansatu, Oga Bernard ya zo da hantsi, ya ja Yamusa bayan rumbu.

"Yau Ciyaman zai zo da kansa. Farar mota, shi da direba. Zai ba da izini a fasa dutsen da ke saman coci da masallaci."

"Gwamnati ta ce me?" in ji Yamusa.

"Gwamnati ta ci ta ƙoshi, Baba. Ni dai na faɗa maka, kuma ban zo nan yau ba."

Ya hau motarsa ya tafi.

Yamusa bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki fartanya ya fita dandali, ya faɗi abin da ya ji. Kafin azahar maza fiye da hamsin sun kwantar da kututturen ɗorawa a kan gadar rafi, sun shige cikin ciyawa da adduna da sanduna.

Motar ta zo a hankali, tana kauce wa ramuka. Tana tsayawa dutse ya tarwatsa gilashin gaba. Direban ya buɗe ƙofa ya faɗa rafi, wasu suka bi shi da jifa. Sauran suka finciko na bayan, wani siriri mai tabarau, takalminsa ya sha faci. Yamusa ya lura da takalmin, ya ce a ransa, ka ji rowar masu kuɗi.

"Ku tsaya! Don Allah ku saurare ni!" Mutumin yana ɗaga wani ambulan sama. "Na zo ne in..."

Sanda ta sauka a bakinsa, haƙora suka zube a kan kwalta da jini. Ya durƙusa. Wani ya sare shi a kafaɗa, wani ya taka tabarau ɗin. Duk da haka bai saki ambulan ɗin ba, sai miƙo shi yake, yana gurnani kamar ragon da wuƙa ba ta gama da shi ba.

Aka buɗe wa Yamusa hanya, domin kowa ya san wanda ya fi cancanta.

"Kai ne ka kashe matana," ya ce.

Mutumin ya girgiza kai. Yamusa ya ɗaga fartanya da hannu biyu, ya sauke. Ya sake. A karo na uku ƙotar ta karye, kuma ƙafafun da ke shure-shure suka tsaya.

Yamusa ya jira sanyin da ya yi kwana tara yana nema ya sauka a ƙirjinsa. Bai sauka ba.

Malama Patricia ce ta ratso su da gudu, ɗankwalinta a hannu, ɗalibai ta baro a aji. Ta dubi gawar, ta dafe kai. Sannan ta tsuguna, ta ɓamɓare yatsun mamacin ɗaya bayan ɗaya ta zare ambulan ɗin. Wani kati mai igiya ya zamo daga cikin rigarsa. Ta juya shi, ta duba.

"Karanta mana, Malama," in ji Yamusa. "Mu ji abin da ɓarawo ya zo da shi."

"Sunansa Injiniya Nazir," ta ce. "Sufeton ma'adinai ne na gwamnati. Wannan amsar takardar da na kai ce." Ta share jinin da ke kan layin ƙarshe da babban yatsa, ta karanta: "An rufe wajen fasa dutsen daga yau, kuma a miƙa wannan umarni hannu da hannu ga mai kamfanin, Mista Bernard Zacharias."